Zuwa ga Rakiya, Kan Fuskar da Ciwo Ya Bari

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Zuwa ga ɗiyata Rakiya. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, ina gaida takwarata da ke bayanki. Allah Ya sa takardar nan ta same ku kun sauka Damazin lafiya, hanya ba ta wahalar da ku ba, kun kuma tarar da maigidanki da mutanensa cikin ƙoshin lafiya.

Na cusa ta a cikin ƙullin dilkar gyaran jiki, ƙarƙashin kwalbar man riɗi, don na san sai kin kwana biyu da sauka za ki kwance shi. Na san karatun Larabci ya fi miki sauƙi, za ki sha wahala da ajamina. Ki yi haƙuri ki bi shi sannu a hankali. Maganar da ke ciki ba ta fita a bakina da Larabci. Da Hausar ma, wata tara kina gabana na kasa faɗinta.

Kin zo gidan nan haihuwa kina cika ƙofa. Bayan suna zazzaɓi ya kama ki, ya riƙe ki wata biyar. Allah Ya tashe ki, mun gode maSa, amma ciwon ya tafi da rabin jikinki. Kumatunki sun zubo, fatar ƙarƙashin haɓarki ta saki. Ina ganinki, da an yi sallama sai ki ja tob ɗin da kike yafawa har kan hanci. Ranar da muka koma wurin hakim, likitan nan na Wad Haddad, ina bakin ƙofa na ji kina tambayarsa ƙasa-ƙasa, wai gaskiya ne a Masar akwai likitocin da ke yanke fatar fuska su ɗinke ta ta koma daidai. Ban ji amsar da ya ba ki ba. Ni ban san abin da ake yi a Masar ba, kuma ba na so wuƙa ta taɓa fuskarki. Abin da na sani shi ne abin da ya same ni, da wautar da na tafka a kai. Shi zan gaya miki.

Ke ba ki san ni da jiki ba. Kafin ki yi wayo, in muna tsinkar auduga a hawasha, gonarmu ta ban ruwa, mata kan yi mini tsiya su ce in matso kusa su sha inuwa. Kumatuna har sheƙi suke yi. Ba zan ɓoye miki ba, ina jin daɗin abin, ina tafiya ina jin ana kallona. Kina shekara huɗu ciwon saifa ya kayar da ni, irin wanda ke kumbura ciki ya tsotse sauran jiki. Na kusa shekara a kwance, rabinta a asibitin Madani. Gwaggonki ce ta riƙe ki. Ranar da babanki ya ɗauko ki ya kawo mini, na yi wanka, na sa kwalli, na zauna a bakin angarib, gadona na igiya, ina jiranki. Kika shigo da gudu, kika tsaya cak, kika dube ni, sai kika koma bayan babanki kika riƙe rigarsa.

Kika ce, "Baba, ina Inna? Wannan ai haboba ce."

Tsohuwa kika gani. Ban taɓa gaya miki ba, kuma ba laifinki ba ne, yaro abin da ya gani yake faɗi. Kafin la'asar kin hau cinyata kina wasa da 'yan kunnena. Ke kin manta a ranar. Ni ce na riƙe.

Wautata ta farko ita ce gaggawa. Na ɗauka in na mayar da ƙiba fuska za ta cika ta koma yadda take, sai na tasar wa abinci kamar mai faɗa da shi. Kunun hulba da man shanu sau uku a yini, ina sha ina hawaye don cikina ba ya karɓa. Wata mai tallan magani a kasuwa ta ba ni garin wata saiwa, ta ce in zuba a nono, kafin wata ya mutu zan koma kamar amarya. Kwana shida na sha. A na bakwai sai a kan jaki aka kai ni wurin hakim na wancan lokacin, wani dattijo mai tabarau, ina amai da gudawa, ɗan naman da na fara tarawa ya zube.

Ya tambaye ni abin da na sha, na faɗa masa. Sai ya ce, "Mijinki manomi ne?"

Na ce, "I."

Ya ce, "In ya buɗe wa hawasha ruwan wata guda a yini ɗaya, me zai samu?"

Na ce, "Shuka ta ruɓe."

Ya ce, "To, je ki gida. Ki ci ƙwai, ki ci wake, ki sha nono, in an kamo kifi a tur'a, magudanar ban ruwa, ki ci. Kaɗan-kaɗan, sau da yawa. Ki sha ruwa ko ba ki jin ƙishi. Kada ki ƙara zuwa mini da maganin kasuwa."

Ni ma abin da nake gaya miki ke nan. Kina shayarwa, abin da kika ci ku biyu ne kuke rabawa. Kada ki bar wa maigida naman miya duka don kunya, ki ɗebi naki. Yanzu har ƙwayoyin ƙiba na ji ana sayarwa a ɓoye a gidajen biki. Duk wadda ta miƙo miki, ki ce kin gode, ki bar mata abinta. Jikin da ya dawo a hankali shi ke zama.

Wauta ta biyu tana nan a kumatuna na hagu. Kin sha tambayata tabon nan, na ce miki mai ne ya fantsamo mini ina suya. Ƙarya na yi miki. Wata ce ta gaya mini alif ɗin da muke tace ruwan tur'a da shi yana ɗaure fata. Na daka shi, na haɗa da kanwa da lemun tsami, na shafa. Wallahi da ya bushe na ji fuskar ta ɗaure tamau, har na yi dariya ni kaɗai a ɗaki. Da na wanke, ba a jima ba ta sake saki. Sai na ƙara kanwa, na bar shi tun hantsi har azahar, ina jin raɗaɗi ina cewa aiki yake yi. Da na zo wankewa, fatar ta biyo hannuna.

Ban tsaya nan ba. Na sa mai kitso ta ja mini gashi baya da ƙarfi, don goshi da gefen ido su miƙe. Kwana uku ban iya tauna sosai ba, kaina kamar zai tsage. Wata da watanni ina maimaitawa, har gashin gefen goshina ya kakkarye, bai kuma sake fitowa ba. Shi ya sa ba ki taɓa ganina ba ɗankwali ba.

Wadda ta cece ni ita ce Batul, tsohuwar Balarabiyar da gidanta ke bayan namu a lokacin, Allah Ya jiƙanta. Ta shigo aron turmi ta tarar da ni da ƙyalle a kumatu. Ta ɗaga shi da kanta, ba ta nemi izini ba.

Ta ce, "Ya bitti, 'yata, wa ya yi miki wannan?"

Na ce, "Ni na yi wa kaina."

Ta ce, "Da wani ne da na kai shi gaban shehun gari. Ke kuwa ina zan kai ki?"

Ta jira har ciwon ya warke, sannan ta riƙa zuwa kullum bayan la'asar. Ta zaunar da ni a ƙasa tsakanin ƙafafunta, ta ɗumama man riɗi a tafin hannu, ta koya mini abin da zan koya miki yanzu. Ki wanke fuska da ruwa mai ɗan sanyi, ba da sabulun wanki ba. Ki ɗiga mai kaɗan, ki sa yatsu uku na kowane hannu a haɓa, ki bi ƙashin muƙamuƙi zuwa kunne. Daga gefen hanci ma ki nufi kunne, daga gira ki nufi gashi. Kullum sama, kada ki ja ƙasa. Kada ki murje da ƙarfi, kamar dai kina shafa wa takwarata mai bayan wanka. Ki yi da safe, ki yi da yamma, gwargwadon lokacin da ruwan shayi zai tafasa. Dilka kuma sau ɗaya a mako ta isa. Wadda na ƙulla miki da garin dawa mai laushi na yi ta, ban cika mata turare ba. A fuska ki taɓa ta sama-sama, ba irin murzar da ake yi wa hannu da ƙafa ba.

Batul ta hana ni abu biyu. Ta ce in na zauna duhan, turara jiki, in bar hayaƙin ga jiki, in fitar da fuska waje, don yana busar da ita. Ta ce kuma rana ita ce babbar abokiyar gaba, in ba dole ba kada in fita da tsakar rana, in zan je gona in ɗora malafa a kan mayafi ko da za a yi mini dariya. An yi mini, har ana ce mini makiyayi. Damazin ta fi nan zafi, ki nemi malafa. Ki kuma yi barci in yarinya ta yi barci, wanke-wanke ba zai gudu ba.

Yanzu ga gaskiyar da masu magani ba sa faɗi. Duk wannan ba zai mayar da ke yadda kike a da ba. Ni damina biyu na yi kafin in ga bambanci na sosai. Kumatuna sun ɗan cika, fatar ta yi laushi, ta daina kama da ta maras lafiya. Ta ƙarƙashin haɓa kuwa ba ta koma ba har yau. In zan kimanta, rabi ya dawo, rabi ya tafi. Ke kin fi ni sa'a, na haura talatin lokacin, ke ko ashirin da biyu ba ki cika ba, fatar yarinta ta fi saurin komawa. Ki ba ta damina biyu kafin ki yanke mata hukunci. Kada ki riƙa dubawa kullum, ba za ki ga komai ba sai ɓacin rai.

Waɗannan biyun a jikina suka tsaya. Na gaba su ne nake kwana da su nake tashi da su.

Ina da ƙawa, Dije. Tare muka tashi, tare aka sa mu a allo, ranar da aka kai ni gidan babanki ita ta riƙe mini hannu. Lokacin ciwona tana can wajen Sinja da mijinta aikin kaka. Da ta dawo ko kaya ba ta sauke ba ta taho gidan nan. Ta ɗaga labule, ta gan ni, ta dafe ƙirji.

Ta ce, "Innalillahi! Habiba, ke ce kuwa?"

Sai ta fashe da kuka. Yanzu na san kukan tausayi ne, da na godiya don ta same ni da rai. A ranar kuwa ji na yi kamar ta mare ni. Na amsa gaisuwarta sama-sama har ta gaji ta tafi. Ta dawo washegari da farfesun kaza, na juya wa bango fuska na yi kamar ina barci. Ina jinta tana ce wa gwaggonki, "A bar ta ta huta, gobe na dawo." Ta dawo goben. Ta dawo jibi. A zuwa na huɗu ta tsaya daga tsakar gida ta ɗaga murya.

Ta ce, "Habiba, na san idonki biyu. In na yi miki laifi ki faɗa mini."

Na ƙara runtse ido. Na ji ta ajiye kwano, na ji takunta har ta fita. Da ta haihu ban je suna ba. Da mahaifiyarta ta rasu na aika gaisuwa, ban taka ba. Daga baya suka koma Kamlin, ta zo sallama ta ce wa gwaggonki ta gaishe ni. Shekara goma sha bakwai ke nan. Ina jin labarinta a bakin masu zuwa, wai tana da jikoki, wai idonta ɗaya ya mutu.

Ba ita kaɗai ba. Shekara uku ban je biki ba, ban je suna ba, ta'aziyya ma sai wadda ta zama dole, ita ma da sassafe kafin mutane su taru. Da farko ana aiko mini da goron gayyata. Daga baya aka daina. Ba wanda ya yi fushi da ni, sabawa kawai aka yi da rashina. Kin sha cewa gidanmu shiru, ba kamar gidajen mutane ba. Ni na mayar da shi haka.

Don haka ki ji ni da kyau. A Damazin akwai matan da suka san ki da jikinki. Za su firgita in sun gan ki, wata ma ta faɗi abin da ba daidai ba. Ki bar su su firgita, sau ɗaya ne. Ki ce musu, "Ciwo na yi, Allah Ya tashe ni." A gani na biyu tambayarki za su yi ko kina da gishiri. Kada ki jira su zo, ke ki bi gida-gida ki gaishe su a makon da kika sauka, goyo a baya, fuska a buɗe. Wadda ta yi kuka da ta gan ki, ita ce taki, ki riƙe ta.

Saura maganar babanki, Allah Ya jiƙansa. Kin san kakanninmu da niyyar Makka suka baro ƙasar Sakkwato, suka tsaya nan noman guzuri, guzurin bai ƙare haɗuwa ba har suka mutu. Babanki ya ƙudura a ransa shi zai ƙarasa tafiyar. Shekara biyu bayan tashina auduga ta yi kyau. Ya shigo wata ranar da hantsi, ƙafarsa duk laka, ya tsuguna a gabana ina tankaɗe.

Ya ce, "Uwar Rakiya, bana za mu sauke farali. Ni da ke. Na yi alkawari tun kina asibiti, in Allah Ya tashe ki tare za mu je mu gode maSa."

Na yi murna, wallahi na yi. Sai aka ce takardun tafiya sai da hoto. Muka hau lori zuwa Madani, muka shiga shagon mai hoto. Babanki ya fara zama a kujera. Mai hoton yana gyara na'urarsa ya waiwayo ya ce mini, "Ke ma ki shirya, ki ja mayafin baya, hukuma tana son fuska ta fito duka, har haɓa." Na duba bango, ga hotunan mutane jere an maƙala, duk wanda ya shigo yana kallo. Na ce a raina, haka za a manna wannan fuskar a takarda, ma'aikata su yi ta dubawa daga nan har Jidda. Ban san sanda na miƙe na nufi ƙofa ba.

Hoton nan na babanki da ke rataye a ɗakina, wanda kike cewa me ya sa yake kallon gefe, na ranar ne. Ni yake kallo ina fita.

Ya same ni a gindin bishiya a bakin titi. Bai yi faɗa ba. Ya sayo mini shayi, ya tsaya har na shanye.

Na ce, "Malam, ka yi haƙuri, mu bari sai baɗi. Kafin nan na ɗan murmure."

Ya ce, "Wa ya ce miki ba ki murmure ba? Ni da na ɗauke ki a hannu kamar ƙullin kaya na sa a lori, yau ga ki kina tafiya da ƙafarki. Me kuma ake jira?"

Na ce, "Kai ba ka gani ne."

Ya ce, "Ina gani. Kullum ina gani. Ban taɓa jin ya dame ni ba."

Ban yarda da shi ba. Na ɗauka kirki ne kawai irin nasa. Na ce ya tafi shi kaɗai, ya ce a'a, tare aka yi alkawari. Da baɗi ta zo na ce baɗi. Ta sake zagayowa na ce ƙafata na ciwo. Bai taɓa tsananta mini ba, in lokacin ya yi sai ya dube ni kawai, ni kuma in sunkuyar da kai. A shekara ta huɗu, ana tsakiyar ban ruwa, ya dawo daga hawasha yana riƙe da ƙirji. Kwana biyu ya yi ya rasu. Kina shekara goma. Mutanen gari har yau suna zaton rashin hali ne ya hana shi zuwa Makka. Fatar haɓata ce ta hana shi.

Na yi istigfari iyakar yina, kuma na san kowa da kwanansa. Ba don ki ji tausayina na rubuta ba. Na rubuta ne don na ga kina shirin yi wa maigidanki abin da na yi wa babanki. Sau biyu ya zo duba ki, sau biyun kika sa na rufe taga. Mutumin nan ya baro aikinsa, ya yini a kan lori, ya zauna a duhu yana magana da mayafi. Kada ki amsa masa tambayar da bai yi ba. Ki zauna a gabansa da rana, a tsakar gida, ki miƙa masa 'yarsa, ya dube ki da kyau. In ya yi shiru ki ba shi lokaci, shi ma mutum ne. In ya ce bai dame shi ba, ki yarda da shi, kada ki sa shi rantsuwa kullum har ya gaji. In kuwa ya wulaƙanta ki a kan abin da ciwo ya yi, wanda ba na zato, to ƙofar gidan nan ba ta da kuba. Duk inda ya ce ku je kuma, biki ne, kasuwa ce, gaisuwa ce, ki ɗauki tob ɗinki ki bi shi a ranar.

Kwanan baya na je sunan jikar maƙwabta, na zauna cikin sa'o'ina ina dubansu ɗaya bayan ɗaya. Duk sun iso ni, Rakiya. Kowace haɓarta ta saki, kowace kumatunta sun zubo. Baƙo ba zai iya nuna wadda ta yi ciwo da wadda ba ta yi ba. Su dai suna ta hira da dariya, suna tuna bukukuwan da suka je tare, ni kuwa ba ni da abin sa baki.

Kada ki damu da ni. Ina da awakina, ina da 'yar gonar kuɓewata. Girki ne dai zan koma yi a ƙaramar tukunya, kuma zan daɗe ina jin kamar kukan takwarata daga ɗaki. Wannan ba dalilin dawowarki ba ne, ki zauna a ɗakinki.

Allah Ya tsare ki a zaune da a tafe. Allah Ya ƙara miki lafiya, Ya mayar miki da ƙarfinki, Ya raya takwarata, Ya sa albarka tsakaninki da maigidanki. Allah Ya haɗa ki da maƙwabta na kirki, Ya kare ku daga zazzaɓin bakin kogi da sharrin hanya. Ki gaida shi, ki gaida mahaifiyarsa.

In kin karanta, ba sai kin rubuto amsa ba. Ki ba direban lorin da ke biyowa ta nan ranar kasuwa saƙo da baki, ki ce kun isa lafiya. Wannan ya ishe ni. Zan riƙa fita bakin hanya ina jiransa.

Wassalam.

Innarki,
Habiba